Tsakanin Tuta da Likkafani: Jana'izar Tsohon Soja a Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hukunta mutuwa a kan kowane mai rai, bai bar sarki ba, bai bar talaka ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, waɗanda suka tsaya a sahun yaƙi tare da shi, waɗansu suka faɗi a fagen fama, waɗansu kuwa suka tsufa har suka cika a kan shimfiɗunsu.

Bayan haka, ranar Talata 15 ga watan Yuli na shekarar 2025 jama'ar ƙasar nan suka ga jana'izar Janar Muhammadu Buhari a Daura, kwana biyu bayan rasuwarsa a Landan. An ga gawa lulluɓe da tutar ƙasa, sojoji na ɗauke da ita, an yi fareti, an harba bindigogi. An kuma ga liman ya shige gaba, jama'a sun yi sahu, an yi kabbara huɗu kamar yadda ake yi wa kowane musulmi. Irin wannan rana takan ta da wata tsohuwar tambaya a zaurukan karatu da majalisun hira: shin wannan girmamawa ta soja tana da gurbi a jana'izar musulmi, ko kuwa baƙon abu ne da aka cusa?

Akwai wata jana'izar kuma wadda ba a nuna ta a talabijin. Ita ce ta tsohon kofur ko saje wanda ya ajiye kaki shekaru da yawa da suka wuce, ya koma garinsu ya kama noma, ko ya zama mai gadi a ƙofar wani kanti. Ran da ya cika, maƙwabta ne ke haɗa kuɗin likkafani, samarin unguwa su haƙa kabari, a kai shi bayan sallar Azahar. Babu begila, babu tuta, wataƙila ma barikin da ya yi wa aiki ba zai ji labari ba sai bayan an yi arba'in. Wanda zai yi magana a kan jana'izar soja tilas ne ya sa waɗannan biyu a gabansa, domin amsar tambayar tana tsakaninsu.

SU WANE NE 'YAN MAZAN JIYA?

Mutanen da ake magana a kansu ba baƙi ba ne a gidajen Arewa. Tun zamanin Turawa aka ɗebi samari daga ƙasar Hausa da Barno da sauran lardunan Arewa zuwa aikin soja, har Hausa ta zama harshen bariki. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, an kai Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama, suka gwabza da Japanawa a dazuzzuka da duwatsu daga 1943 zuwa 1945. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Arakan a Ikko, duk daga wancan yaƙin suka samo asali. Da yawa daga cikin waɗanda suka tafi ba su komo ba. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Rangun akwai ginshiƙan da aka rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 waɗanda ba a san inda kaburburansu suke ba, a cikinsu har da 'yan ƙasar nan.

Bayansu sai na yaƙin basasa, wanda aka fara a watan Yuli na 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Saboda wannan rana ce aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu. Sa'an nan waɗanda aka tura Laberiya daga 1990, da Saliyo bayanta, da waɗanda suka yi ta fama da tarzomar Arewa maso Gabas tun daga 2009. Na Bama sun kusa ƙarewa. Na yaƙin basasa kuwa, ƙaraminsu ya haura shekara 70, watau kowane mako sai an kai waɗansu daga cikinsu makwanci. Ashe maganar ba ta nesa ba ce.

ABIN DA SHARI'A TA YANKA WA MAMACI

Haƙƙin musulmi a kan 'yan'uwansa idan ya cika abu huɗu ne: a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, a binne shi. Malamai suna kiran wannan farali na kifaya, watau idan waɗansu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kowa ya ƙi duk garin ya ɗauki zunubi. An kuma yi umurni da a gaggauta, domin in mamacin na kirki ne ana kai shi ga alheri, in kuwa ba haka ba ana sauke nauyi daga wuyan masu ɗauka. Wannan tsari bai san muƙami ba. Farin ƙyallen da ake yanka wa janar shi ake yanka wa kurtu, kabbarar ba ta ƙaruwa, zurfin rami ɗaya ne, fuska kuma alƙibla take duba.

Akwai wanda shari'a ta ware wa hukunci na dabam, shi ne shahidin da ya faɗi a fagen yaƙin ɗaukaka addini. A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, musulmi sun rasa mutum wajen 70. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a binne su cikin tufafinsu da jininsu ba tare da wanka ba, ya kuma sa aka komo da gawawwakin da dangi suka fara ɗauka zuwa Madina, aka binne su inda suka faɗi. A kan wannan malaman Malikiyya suka tafi, kamar yadda ɗalibin Risala ya sani, cewa shahidin fagen fama ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla.

Abin lura a nan shi ne yadda girmamawar ta kasance. Mus'abu ɗan Umairu, wanda ke riƙe da tutar musulmi a ranar, ba a sami abin da za a rufe shi ba sai mayafinsa guda, wanda in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Aka ce a rufe kansa, a sa ciyawar izhiri a ƙafafunsa. Wannan kuwa saurayi ne wanda a da babu mai ado irin nasa a Makka. Ga shi ya mutu da tuta a hannu, amma ba a naɗe shi cikinta ba, darajarsa kuma ba ta ragu da ƙwayar zarra ba.

Tsohon soja wanda ya tsira daga yaƙi ya mutu a gida, shi hukuncinsa irin na sauran musulmi ne, kuma yana da magabata manya. Halidu ɗan Walidu, wanda ake yi wa laƙabi da Takobin Allah, ya halarci yaƙoƙin da ba su ƙirguwa, jikinsa duk tabon sara da suka, amma a kan shimfiɗarsa ya cika, shekara ta 21 bayan Hijira. Sa'adu ɗan Mu'azu an harbe shi da kibiya a yaƙin Handaƙ, ya yi jinya, raunin ya zama ajalinsa, aka yi masa wanka da salla. Amru ɗan Asi, wanda ya ci Masar da yaƙi, ya bar wa ɗansa wasiyya cewa kada mai kukan mutuwa ta bi gawarsa, kada kuma a bi ta da wuta. Waɗannan su ne manyan hafsoshin Musulunci, kuma haka aka kai su.

HUKUNCIN TUTA DA FARETI DA HARBIN BINDIGA

Malaman zamani sun rabu biyu a kan wannan. Kashi na farko suna ganin dukkan tsarin aro ne daga sojan Turawa, kuma jana'iza ibada ce, ibada kuwa ba a ƙara mata abin da ba a karɓo ba. Suna kafa hujja da cewa magabata sun ƙi ɗaga murya a bayan gawa ko da da zikiri ne, balle badujala da ƙarar bindiga. Kashi na biyu suna cewa a rarrabe tsakanin ibada da al'ada. Wanka da likkafani da salla da binnewa su ne ibada, ba a taɓa su. Jeruwar sojoji a gefen hanya, ko lulluɓa tuta a kan makara, al'ada ce ta ma'aikata wadda ba wanda ke yin ta da nufin neman lada, asalin al'ada kuwa halacci ne sai in ta ci karo da nassi.

Kowane kashi yana da abin kamawa. Amma mai neman hanyar da zai bi yana iya auna al'amarin da ma'auni uku.

Na farko, kada bikin ya jinkirta mamaci. Ajiye gawa kwana da kwanaki a ɗakin sanyi don a jira wani babba ya sami sarari, ko don a gama gwajin fareti, tauye haƙƙi ne, kuma azaba ce ga iyalin da ba za su fara zaman makoki ba sai an rufe nasu. Jinkiri saboda lalura dabam ne, kamar ɗauko gawa daga nesa ko tantance wanda ya mutu. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya rasu a Aƙiƙ, aka ɗauko shi zuwa Madina, ba wanda ya yi inkari. Kuma an ga shaidar cewa gaggawa ba ta gagari soja ba: Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, babban hafsan sojan ƙasa, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021 tare da mutum 10, washegari aka yi wa musulmin cikinsu salla a Masallacin Ƙasa, aka binne su a maƙabartar soja ta Abuja. Abin da ya yiwu ga janar cikin yini guda, ba shi da dalilin gagara ga kurtu.

Na biyu, kada bikin ya shiga cikin ibadar. Kaki ba ya zama likkafani, tuta ba ta shiga kabari, akwati kuwa malamai sun karhanta binne musulmi a cikinsa sai da lalura, kamar ƙasa mai ruwa ko gawar da wuta ko bom ya ɗaiɗaita. Idan liman ya tsaya, hafsa da kurtu su shiga sahu kafaɗa da kafaɗa, babu kujerar manya. Lokacin da ya fi kowane tsada shi ne bayan an gama mayar da ƙasa. Manzon Allah (S.A.W.) yakan tsaya a wannan lokaci ya umurci sahabbai su nema wa ɗan'uwansu gafara, su roƙa masa tabbata, domin a sa'an nan ne ake yi masa tambaya. Idan ƙarar bindiga da busa suka cinye wannan ɗan lokaci, jama'a suka watse suna labarin kyan fareti, to, an ba mamaci abin da ba zai amfane shi ba, an hana shi abin da yake matuƙar bukata.

Na uku, kada a mayar da kabari wurin alfahari. An hana shafe kabari da yin gini a kansa, Sayyidina Ali ma an aike shi ya daidaita kaburburan da aka ɗaga. Alamar da za a gane wurin ba laifi, gama Annabi (S.A.W.) da kansa ya ajiye dutse a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don ya riƙa gane shi. Amma dogon gini da ado da jera muƙamai, wannan na masu rai ne, na cikin ramin bai san ana yi ba.

Idan aka kiyaye waɗannan uku, abin da ya saura na tsayuwar abokan aiki da sarawa da miƙa tuta ga iyali yana da sauƙi, ba ya kai a yi ta jifan juna da kalmar bidi'a ko kafirci a bakin maƙabarta. Haka kuma soja musulmi wanda abokin aikinsa Kirista ya rasu, ba a hana shi yin ta'aziyya da taimakon iyalinsa ba. An ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Manzon Allah (S.A.W.) ya miƙe tsaye, da aka yi masa magana ya nuna cewa shi ma rai ne. Kowace al'umma ta binne nata bisa addininta, mutunci kuwa ya game kowa.

SHIN GIRMAMAWAR TA SAƁA WA DAIDAITO?

Wani zai ce, tun da mutuwa ta daidaita kowa, me ya sa za a ware soja da wata girmamawa wadda ba a yi wa manomi ko malamin makaranta? Wannan tambaya ce mai nauyi, amma Musulunci bai hana a san wa mutum abin da ya yi ba. A Uhudu, da ya zama tilas a haɗa mutum biyu a kabari ɗaya, Annabi (S.A.W.) yakan tambayi wanda ya fi haddar Alƙur'ani a cikinsu, a gabatar da shi. Shekara 8 bayan yaƙin ya koma wurinsu ya yi musu addu'a kamar mai ban kwana. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya adana wata tsohuwar jabba ta ulu wadda ya sa ranar Badar, ya yi wasiyya a yi masa likkafani da ita. Ashe tsohon mayaƙi yana da ikon ya riƙe ranar da ya ba da ransa a matsayin abin da yake fatan haɗuwa da Ubangijinsa da shi. Wanda ya kwana a rami cikin ruwan sama don waɗansu su yi barci a gidajensu, godiya gare shi wajibi ce, kuma an koyar da musulmi cewa wanda ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ma'aunin can da na yau. A Uhudu da Alƙur'ani aka auna, a bariki kuwa da anini ake aunawa. Yawan bindigogin da za a harba, da yawan manyan da za su halarta, duk suna bin muƙami ne, alhali kuwa harsashi ya fi samun na gaba, na gaban kuwa galibi kurtu ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa fareti shaida ce ta hukuma a kan matsayin mutum a wurin aiki, ba ta da ikon faɗin matsayinsa a wurin Allah.

Don haka ne ma ya kamata a yi hattara da saurin raba kalmar shahada. Hadisi ya inganta cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hisabi ranar ƙiyama akwai mutumin da aka kashe a yaƙi, ya ce don Allah ya yi, a ƙaryata shi, a ce ya yi ne don a kira shi jarumi, kuma an riga an kira shi. Niyya tana cikin ƙirji, ba kwamanda ba liman da ke ganinta. Ana yi wa wanda ya mutu yana kare rayukan jama'a kyakkyawan zato, a yi masa fatan shahada, a bar yanke hukunci ga Mai shi. Shi ma soja mutum ne, ya riƙe makami, mai yiwuwa ne akwai haƙƙin wani a wuyansa. Bukatarsa ga istigfari ta fi bukatarsa ga kirari.

BASHIN DA TUTA BA TA BIYA

A nan ne gundarin maganar yake. Girmamawar jana'iza takan ɗauki sa'a guda, a naɗe tuta, sojoji su hau mota su koma bariki. Wanda ya saura a gidan ita ce matar da za ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, da yaran da za a kora daga makaranta in ba a biya kuɗi ba, da mai kanti da ke bin mamacin bashin hatsi.

Shari'a ta tsananta a kan bashi fiye da yadda mutane ke zato. An sanar da musulmi cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. An taɓa kawo wata gawa, Manzon Allah (S.A.W.) ya tambaya ko ana bin mamacin, aka ce ana bin sa 'yan dinare, ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Daga baya, da Allah ya buɗa wa musulmi, sai ya shelanta cewa wanda ya mutu ya bar bashi ko iyali marasa ƙarfi, nauyinsu yana kansa. Malamai suka fahimci cewa wannan nauyi ya gangaro kan duk wanda ya riƙe ragamar jama'a da baitulmalinsu.

To, idan haka shari'a ta ɗauki bashin da ake bin mamaci, yaya za ta ɗauki bashin da mamacin ke bin hukuma? Fansho da garatuti ba sadaka ba ne, ladan aiki ne da aka jinkirta, an kuwa yi umurni a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. An sha ganin tsofaffin sojoji a Abuja sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatu, waɗansu da sanda, waɗansu da ƙafa ɗaya, suna neman a biya su haƙƙinsu. Wanda aka bari ya yi ta sintiri da takardu har ya mutu bai karɓa ba, sa'an nan aka zo aka harba masa bindiga a bakin kabari, an yi masa abin da Bahaushe ke kira ihu bayan hari. Kuɗin kuwa ba su faɗi da mutuwarsa ba, sun zama haƙƙin magada, a cikinsu har da marayu, cin dukiyar maraya kuwa yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Akawun da ya danne fayil yana jiran a ba shi goro, da ɗan'uwan da ya karɓi kuɗin da sunan magaji ya hana matar da 'ya'yan, duk su san abin da suke ci.

Magabata sun nuna yadda ake yi. Da labari ya zo cewa Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya faɗi a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (S.A.W.) ya tafi gidansa ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma sa a dafa wa iyalin abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Sayyidina Umaru da ya kafa diwani ya yanka wa kowane mutumin Badar dirhami 5,000 a shekara, tun suna da rai. Wata rana a kasuwa wata matashiya ta tare shi, ta ce mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, ta ambaci sunan mahaifinta, Hufafu ɗan Ima'u, wanda ya halarci Hudaibiyya. Nan take Umaru ya ɗaura wa raƙumi mai ƙarfi buhu biyu na abinci, ya haɗa da kuɗi da tufafi, ya miƙa mata akala. Da wani ya ce ya yi mata yawa, sai ya tuna masa cewa mahaifinta da ɗan'uwanta sun yi zaman kewaye wata ganuwa har aka ci ta, ga shi jama'a na cin amfanin abin da suka sha wuya a kai. Wannan ita ce girmamawar 'yan mazan jiya a wurin Umaru, kuma ba a busa kome ba a ranar.

ABIN DA YA KAMATA KOWA YA YI

Shi tsohon soja, ya rubuta wasiyyarsa tun yana da lafiya. Ya bayyana bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya nuna wa iyalinsa inda takardun sallamarsa da na fanshonsa suke, ya gyara sunan wanda ya rubuta a matsayin magajinsa a ofis in hali ya sake, ya kuma faɗi a sarari ko yana son a sanar da bariki ran da ya cika. Ya sani cewa wanda aka rubuta a takardar ofis wakili ne mai karɓowa, rabon kuwa na shari'a ne.

Iyali su sanar da hukumar soja da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta yankinsu da wuri, amma kada su riƙe gawa suna jiran amsa. In wakilai sun iso kafin a kai shi, madalla. In ba su iso ba, ta'aziyya ba ta wuce su ba. Kuɗin sutura daga dukiyar mamaci ake fara fitarwa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, sa'an nan gado. Kada a ci bashi don a ciyar da baƙin makoki.

Limaman bariki su zauna da kwamandoji tun kafin rana ta zo, a shata iyakar kowane abu: inda fareti zai tsaya, inda salla za ta fara, da lokacin da za a yi shiru don addu'a. Yawancin rikicin da akan yi a bakin kabari rashin wannan shiri ne ke kawo shi. Limaman gari kuwa su riƙa tuna wa jama'a waɗanda suka mutu a nesa ba a ga gawarsu ba. Malamai sun saɓa a kan sallar ga'ibi: Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta ta bisa abin da aka yi wa Najjashi sarkin Habasha, Malikiyya ba su tafi a kan haka ba. Amma addu'a da sadaka ba wanda ya yi saɓani a kan isarsu, ko mamacin yana kwance a dajin Bama ne ko a bakin tafkin Chadi.

Mahukunta su kuma su tuna cewa ranar 15 ga Janairu ba ta cika da ajiye furanni da sakin tantabaru ba. Cikarta a wayi gari babu tsohon sojan da ke bara, babu matar soja da aka fitar daga ɗakin bariki ba ta san inda za ta nufa ba, babu marayan da ya bar karatu don ubansa ya mutu a bakin aiki. Sauran jama'a ma ba su kuɓuta ba. Dattijon nan mai gadi wanda ake wucewa ba a ko yi masa sallama, mai yiwuwa ne da jininsa aka sayi zaman lafiyar da mai wucewar ke tafiya a cikinta. Gaisuwa da ziyara da kwanon abinci yau sun fi masa dogon jawabi gobe.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin 'yan mazan jiya, waɗanda aka san kaburburansu da waɗanda ba a sani ba, ya yafe musu kurakuransu, ya tabbatar da su a wurin tambaya. Allah ya raya marayunsu, ya ba matansu haƙuri, ya ba shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu tun kafin ranar da za a ɗauke su a makara ɗaya da ta kowa. Amin.